Mutanen Batsari da Safana, Ku Ɗauko Hujja Mu Rubuta Garuruwanmu

Manomin rogo na Batsari, malamin firamare na Runka, mai shagon cajin waya na bakin tashar Safana, ma'aikaciyar asibiti ta Wagini, direban da ke jigila tsakanin Dutsin-Ma da Zakka, da ku nake. Akwai wani aiki da ya rage a wuyanmu, wanda gwamnati ba za ta yi mana shi ba, baƙo ma ba zai yi mana ba.

Duk mai waya da intanet ya gwada rubuta sunan Batsari ko Safana a wurin bincike. Abin da zai fara cika masa ido jini ne. 'Yargamji, watan Mayun 2019, lokacin da aka ɗauko gawawwakin mutanen da aka kashe aka kai su birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. Tsauwa da Dankar, watan Fabrairun 2020, mutum 30. Satar mutane, kuɗin fansa, gudun hijira. Babu ƙarya a ciki, mu muka yi jana'izar, mu muka zauna karɓar gaisuwa. Amma ƙidayar 2006 ta ce Batsari na da mutum sama da dubu 200, Safana sama da dubu 180, kuma an hayayyafa ƙwarai tun daga wannan lokaci. Jama'ar nan suna noma, suna kiwo, suna ƙira da jima da ɗinki, suna aurar da 'ya'ya, suna saukar Alƙur'ani, suna zaune a garuruwan da suka kafu tun Bature bai san hanyar Katsina ba. Duniya ba ta san wannan ba, domin ɗan jarida ba ya zuwa sai an yi gawa, mu kuma da muke nan kullum ba mu rubuta ba.

Akwai wata taskar ilimi a intanet mai suna Wikipedia. Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ta ranar 15 ga Janairun 2001, yau kuma ana rubuta ta da harsuna sama da 300, har da Hausa da Fulatanci. Ba ta da marubutan da take biya albashi. Waɗanda suka rubuta bayanin hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu 'yan sa-kai ne, mutane masu sana'o'insu da iyalansu, sun sami sarari ne suka zauna suka rubuta. Ɗalibin da aka ba aikin gida a Legas can yake fara leƙawa. Haka ɗan jaridar Landan da zai yi rahoto kan Arewa maso Yamma, haka ma'aikacin ƙungiyar agaji kafin ya taso. Manhajojin nan masu amsa tambaya da yaranmu suka fara dogara da su, wani kaso mai yawa na abin da suka sani daga can suka kwaso shi. In bayanin garinku layi biyu ne a can, to layi biyu ne ku a idon duniya. Ƙofar kuwa a buɗe take: babu kuɗin rajista, ba a tambayar takardar digiri, wayar da ke aljihunka ta isa.

Sai dai akwai wani rami da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Mutum ya buɗe asusu da zumuɗi. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne mahaifinsa, ko malaminsa na zaure, ko ƙungiyar ci gaban garinsu, ko maigidansa na siyasa. Ya kwana yana rubutu, ya zuba kirari, ya latsa wallafa, ya tura wa abokai. Kwana biyu ya dawo ya tarar an liƙa wa muƙalar tambarin cewa ba ta da madogara, ko ma an goge ta ɗungurungum. Sai zuciya ta ɗebe shi, ya ce raini ne, don mu 'yan ƙauye ne, ya rufe bai sake komawa ba. Da yawa daga cikin waɗanda za su iya zama gwanaye a nan suka tsaya.

To saurara, ɗan'uwa. A watan Satumban 2007, Jimmy Wales da kansa, mai gidan, ya buɗe muƙala a kan wani wurin sayar da nama da gasa shi mai suna Mzoli's, a unguwar Gugulethu kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu. Minti 22 aka yi wani matashi daga cikin masu kula da shafin ya goge ta, ya ce ba a nuna dalilin da ya sa wurin ya isa a rubuta shi ba. Sai da aka yi muhawara mai zafi, aka kawo abin da jaridu suka rubuta kan wurin, sannan muƙalar ta zauna daram. Donna Strickland, malamar jami'a a Kanada, an ƙi karɓar daftarin muƙala a kanta a watan Mayun 2018 saboda madogaran da aka kawo ba su wadatar ba. Watan Oktoba na wannan shekarar ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya, mace ta uku a tarihi da ta ci ta. In an goge na mai gida, an mayar da na mai Nobel, kai da aka goge naka ba ka da dalilin yin fushi ka bar fage. Abin da ya kamace ka shi ne ka san ƙa'idar, ka dawo da shiri.

Ƙa'idar farko ita ce ta shahara, wasu editocin Hausa na cewa cancanta. Ba tambaya ake yi ko mutumin kirki ne ba, ko ya yi wa jama'a hidima, ko garinsu na ƙaunarsa. Tambayar ita ce: shin wasu da ba su da alaƙa da shi sun yi rubutu mai tsoka a kansa, a wurin da ake tantance labari kafin a buga? Kowace gaɓa a nan tana da nauyinta. Rubutu mai tsoka na nufin an tsaya a kansa an yi bayani, ba wai sunansa ya fito cikin jerin manyan baƙin da suka halarci ɗaurin aure ba. Marasa alaƙa na nufin ba ɗansa ba, ba sakataren ƙungiyarsa ba, ba wanda ya biya kuɗi aka buga masa yabo ba. Wurin da ake tantancewa kuwa shi ne jarida mai edita, littafin da ya bi ta hannun maɗaba'a ta ƙwarai, mujallar bincike ta jami'a, gidan rediyon da ke da sunan da yake karewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In za a sayar da gona a ƙauye, mai gona ba ya cewa wallahi tawa ce a wuce wurin. Ana kiran mai unguwa, a kira maƙwabtan iyaka, a zagaya a ga inda aka shuka gamba ko aka kafa dutse, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Ɗan mai gona ba ya isa shaida shi kaɗai, ko da kowa ya san yaron ba ya ƙarya. Ba a yi haka don an raina mai gona ba, an yi ne don gobe in magada sun tashi da rigima gaban alƙali, a sami abin riƙewa. Mai karatu a Yamai ko a Jidda bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, ba zai iya zuwa Baure ya tambaya ba. Abin da zai iya kawai shi ne ya bi madogarar da ka ajiye masa a ƙasan shafi ya gani da idonsa. Ƙa'ida ta biyu ke nan, ta madogara: duk maganar da za a iya musantawa, ka nuna inda ka samo ta, sunan littafi ko jarida, marubuci, shekara, shafi.

Ga misali daga cikin gida. Dakta Aminu Safana, likita, ya wakilci mazaɓar Batsari, Safana da Ɗanmusa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A watan Oktoban 2007 ya yanke jiki ya faɗi a zauren majalisa ana tsakiyar rikicin shugabar majalisar ta lokacin, Patricia Etteh, Allah ya yi masa rasuwa. Jaridun ƙasar nan kaf sun rubuta. Irinsa ba a gardamar cancantarsa: a Wikipedia ta Turanci, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar tarayya ko ta jiha ana ɗaukarsa ya cancanta tun daga farko, aikin da ya rage shi ne a tattaro madogara a rubuta da adalci. Kansila kuwa, ko shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko ɗan takarar da bai ci ba, muƙaminsa kaɗai bai isa ba sai in an yi rubutu mai yawa a kansa.

Yanzu ga inda abin ke da ciwo, ba kuma zan ɓoye ba. Tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauye cikin shekara 40 ba ta cika wannan ƙa'ida ba. Alaramman da ya yaye mahaddata ɗari bai cika ba. Maƙerin da garmarsa ta shiga gonakin ƙasar Ruma duka bai cika ba. Ɗan ƙwallon da ya buga wasanni a wani ƙaramin kulob na Turai kuwa yakan cika, don a ƙasarsu ana rubuta komai. A ganina ƙa'idar ta fi cizon talaka da mutanen karkara da mata, kuma masu Wikipedia da kansu sun daɗe suna kuka da wannan giɓi. Amma mu yi tunanin ranar da za a ɗage ta. Kakar zaɓe na zuwa, sojojin baka za su cika shafin da tarihin iyayen gidansu, kowa gwarzo, kowa bai taɓa kuskure ba. Mai gaba da wani zai rubuta cewa wane ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne, babu mai tambayarsa hujja, a ƙasar da irin wannan kalma ke sa a kashe mutum kafin la'asar. Ƙa'idar da ta hana ka shigar da kakarka ita ce ta hana maƙiyinka ɓata sunan ubanka. Don haka ba na neman a rushe ta. Hanyar da za mu bi mu cika ta nake nema.

Hanya mafi sauƙi ita ce mu fara da garuruwa, mu jinkirta mutane. Garin da hukuma ta san da zamansa, mai jama'a, galibi ba a musun cancantarsa. Ruma, Wagini, Kandawa, Karare a ɓangaren Batsari. Runka, Zakka, Baure, Babban Duhu, Tsaskiya a ɓangaren Safana: duk sunayen nan suna cikin jerin mazaɓun hukumar zaɓe ta ƙasa, wannan ma kaɗai madogara ce ta cewa suna nan kuma ga ƙaramar hukumar da suke. Sarautun ma abin rubutawa ne: Sarkin Ruma hakimin Batsari, Yariman Katsina hakimin Safana. Dajin Rugu kansa ya cancanci a rubuta shi a matsayin daji, da itatuwansa da makiyayansa da tarihin keɓe shi, tun kafin ya zama maɓoyar miyagu. Masana harkar kiwo sun yi rubuce-rubuce kan makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, suna nan a ɗakunan karatu ba mai leƙa su.

Kada wani ya ce ai ba a taɓa rubuta komai a kanmu ba. An rubuta, mu ne ba mu je mun ɗauko ba. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya tashi daga birnin Katsina zai je ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya bi ta Kuraye, ya bi ta Kurfi, ya sauka Zakka, sannan ya keta daji zuwa Zurmi. Ya rubuta abin da ya gani a littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1857 da 1858. Wato sunan Zakka ya shiga ɗab'i a Turai fiye da shekara 160 da suka wuce, littafin kuma ya tsufa har ya fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsa kyauta a intanet. Mai nema ya tuna shi Zekka ya rubuta. Tsofaffin littattafan Turawa sukan murɗe sunayen garuruwanmu, sai a gwada rubutu iri biyu ko uku kafin a ce babu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya rubuta The Transformation of Katsina, tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga shi a 1981. Duk mai son rubuta wani abu kan ƙasar Ruma da yaƙe-yaƙen bakin iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, da wannan littafi zai fara. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can Kaduna mai rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, akwai Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta Jihar Katsina. Kusa da mu kuma ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a birni. Daga Safana zuwa Dutsin-Ma ai ba tafiya ba ce.

Abu biyu da sababbin shiga ba su sani ba, kuma suna sauƙaƙa aiki ƙwarai. Madogara ba dole sai tana intanet ba: littafin da ke kan kanta a ɗakin karatu ya isa, muddin ka faɗi sunansa da shafinsa yadda wani zai iya zuwa ya duba. Ba kuma dole sai da Turanci ba: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 madogara ce, Aminiya madogara ce, rahoton sashen Hausa na BBC ko na Muryar Jamus ko na Rediyon Faransa da aka ajiye a shafinsu madogara ne. Kundin digiri na uku ana karɓarsa da lura. Kundin kammala digirin farko kuwa ba a cika yarda da shi ba, amma kada ka yar da shi, duba ƙarshensa ka ga littattafan da ɗalibin ya karanta, su za ka bi. Takardun ma'ajiyar Kaduna su kuma ɗanyen kaya ne, Bature ya rubuta su da idonsa da son ransa. Ya fi kyau ka dogara da masanin tarihin da ya karanta su ya tace.

Abin da ba madogara ba kuwa kowa ya san shi in zai faɗa wa kansa gaskiya: saƙon WhatsApp da aka turo aka sake turowa, rubutun wani a Facebook, kalandar bikin naɗin sarauta, ɗan littafin da aka raba ranar walima, da babbansu duka, wato an ce.

To ilimin da ke bakin tsofaffi fa? Labarin Ɗanwaire da ake dangantawa da ƙasar Ruma, asalin sunan unguwanni, yadda aka haƙa tsohuwar rijiyar gari, shekarar fari da shekarar ƙwari, duk wannan fa? Wikipedia ba ta karɓar abin da ka ji da kunnenka ka kawo kai tsaye, ko da gaskiya ne tsantsa, domin ta haramta wa editocinta binciken kansu. A 2011 wani ɗan Indiya mai suna Achal Prabhala ya yi gwaji a ƙauyukan Indiya da Afirka ta Kudu, ana naɗar hira da mutane ana kafa hujja da ita. An yaba, an yi muhawara, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Saboda haka aikinmu hawa biyu ne, kuma hawan farko ya fi gaggawa. Sai an fara rubuta abin a wani wuri mai tantancewa, sannan a ɗauko shi. Ɗalibin tarihi ko na Hausa ɗan Batsari da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga shi a ƙofar gidanku. Ka yi shi da kyau har malaminka ya taimaka a buga shi a mujallar sashe. Wakilin jarida ɗan yankin nan, in ka aika rahoton hari sau goma, aika na kasuwar rogo da dankali sau ɗaya, aika hira da ungozomar nan, aika tarihin makarantar allon da ta shekara ɗari. Ma'aikacin gidan rediyo, ka sa a ɗora shirin a shafin tasha kada ya bi iska. Malamin makaranta mai ritaya, zauna da sa'o'inka ku rubuta tarihin gari, ku kai wa masana su duba kafin a buga. Ranar da jaridu biyu uku suka tsaya kan ungozomar nan suka yi bayaninta, ranar ta cika ƙa'ida, ba mai iya goge ta.

Na ce da gaggawa don dalili. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu na zaune a Batsari, a Dutsin-Ma, a birnin Katsina, wasu sun tsallaka Nijar. Dattijon da ya san iyakar kowace gona da sunan kowane dutse yanzu yana kwance a ɗakin haya a gefen gari, jikokinsa ba su taɓa ganin ƙauyen ba. In ya rasu ba a naɗi muryarsa ba, ba a rubuta ba, ƙauyen ya mutu sau biyu. Wayar da ake kallon barkwanci da ita tana naɗar murya.

Akwai kuma ƙofar da ba ta neman madogara ko kaɗan, ita ce ta hoto. Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotuna ta wannan gida, tana karɓar hoton da ka ɗauka da hannunka in ka yarda kowa ya yi amfani da shi tare da ambaton sunanka. Tulin rogo ranar kasuwar Batsari, rumbun ƙasa, maƙera, duwatsun da suka kewaye garuruwanmu, tsohon masallaci, ƙwaryar fura da nono. Ana ma yin gasar hotunan Afirka kusan duk shekara tun 2014, sunanta Wiki Loves Africa. Sharaɗi dai hoton ya zama naka, ba wanda ka kwafo daga shafin wani ba. Ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi, kada kuma ka kusanci shingen jami'an tsaro da kyamara.

In ka shirya, ga yadda za ka shiga ba tare da ka yi tuntuɓe ba. Buɗe asusu, ba dole da sunanka na yanka ba, a halin da muke ciki ma laƙabi ya fi. Kada ka fara da sabuwar muƙala. Nemo wadda take akwai, ta Batsari ko ta Safana ko ta jihar Katsina, ka gyara harafin da aka rubuta ba ƙugiya, ka miƙe jimlar da fassarar na'ura ta karya, ka ƙara magana ɗaya da madogararta. Muƙaloli da yawa a Wikipedia ta Hausa fassara ce daga Turanci, wasu Hausarsu ba ta karantuwa. Bakatsinen da ya tashi da harshen a bakinsa yana da aikin yi a nan ko bai taɓa shiga ɗakin karatu ba. A ta Turanci sai asusunka ya kwana 4 ka yi gyara 10 kafin a bar ka ka buɗe sabuwar muƙala kai tsaye, kuma hikima ce, ko a ta Hausa ka ɗora wa kanka irin wannan haƙurin. In lokacin sabuwa ya yi, tara madogara uku masu ƙarfi tukuna, sannan ka rubuta a shafin gwajinka. Rubuta da kalmominka, kada ka kwafe na littafi, wannan sata ce kuma gogewa ake yi nan take. Cire kirari: ba shahararre, ba gwarzo, ba haziƙi, ba mai girma. Faɗi abin da mutum ya yi da shekarar da ya yi shi, mai karatu zai yaba da kansa. Kada ka rubuta kanka ko kamfaninka ko maigidanka; yabon kai jahilci, a can kuma laifi ne. In aka goge maka ko aka sauya, je shafin tattaunawa ka yi sallama, ka ce malam, me ya rage in kawo? Yawancin tsofaffin editoci suna murna da mai tambaya, akwai kuma ƙungiyar editocin Hausa ta Wikimedia da ke shirya horo ga sababbi.

Kan rikicin da muke ciki, a yi hattara ninki biyu. Mutum mai rai ba a jingina masa laifi sai da madogara mai ƙarfin gaske, in babu a bar shi. Ba a rubuta cewa ƙabila kaza ce ɓarayi. Bafulatanin Runka da aka kore wa shanu da Bahaushen Wagini da aka ƙone wa rumbu duk 'yan ƙasar nan ne, duk kuma za su karanta abin da ka rubuta. In majiyoyi sun saɓa kan adadin waɗanda aka kashe, kawo duka biyun ka faɗi wanda ya ce kaza da wanda ya ce kaza. Ranka zai so ka yi kuka a cikin rubutun, ka yi Allah ya isa. Riƙe shi. Bayanin da aka shimfiɗa da sanyi, da kwanan wata da madogara, shi ne wanda ba mai iya ƙaryatawa bayan shekara 50.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi. Data tsada, wuta babu, an dawo daga gona a gajiye, dare kuma ba a barci da ido biyu rufe. A watan Satumban 2021 ma an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, Batsari da Safana na ciki, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Duk da haka ba a daina noma ba, ba a daina koyarwa ba, ba a daina karɓar haihuwa ba. Mutanen da suka iya wannan ba za su gaza jimla biyar a mako ba. Rubutu ba ya cin data kamar bidiyo. Rubuta a littafin makaranta da biro, in ka shiga gari ranar kasuwa ka sami layi mai ƙarfi ka ɗora. Mai shagon caji, kai ne kake da wuta da matasa a gabanka kullum, shagonka ya isa ajin koyo. Malama, ke da kike koyar da 'yan mata a islamiyya ko a sakandare, sana'o'in cikin gida da abincinmu da al'adun biki da suna ba namijin da zai rubuta su daidai kamar ke. In ba ki shigo ba, rabin garin zai ɓace daga labarin. Ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, taimaka da Turancin, mu mu riƙe Hausar. Baba, kai ba ma neman ka taɓa waya, ka dai zauna ka ba jikanka labari yana naɗa.

A wannan makon kowa ya zaɓi gari ɗaya, nasa ko na kakanninsa. Ya nemo takarda ɗaya tak da ta ambace shi, ko jerin mazaɓu ne, ko shafi a littafin Bala Usman, ko tsohon rahoton jarida. Ya rubuta jimla ta farko a sauƙaƙe, kamar a ce Zakka gari ne a ƙaramar hukumar Safana ta jihar Katsina, ya liƙa mata madogararta, ya ƙara ta biyu in yana da hujjarta, in babu ya dakata a nan. Wanda ya iya, ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa inda ake latsa Gyara.